Harshen Baba

"Injinku ƙarya yake yi," in ji tsohon, ya ture takardar gwajin. Shekara arba'in yana dafa wata saiwa mai dafi a lardin Sichuan, harshensa ne ma'auni. In ya lasa bai ji zugi ba, dafin ya fita, ta zama magani.

"Baba, dafin ya ninka ƙa'ida sau uku," in ji 'yarsa, wadda ita ta yi gwajin. "Buhu nawa ka sallama bana?"

"Ɗari biyu, duk suna hannun marasa lafiya. Ke da na haifa za ki koya mini aiki?"

Ta haɗa masa shayi, ta faki idonsa ta zuba gishiri cokali uku.

Ya shanye tas.

"Madalla," ya ce. "Shayi dai kin iya."