Sai Bayan Azumi

Badamasi direba ne a wani gidan dafa abincin masu umara a unguwar Aziziyya da ke Makka. Kullum da safe yakan kai motarsa bakin iyakar Harami ta hanyar Jidda, inda wanda ba Musulmi ba yake tsayawa. A nan yake karɓar shinkafa da kayan miya daga hannun Debu, wani Ba'indiye mai bin addinin Hindu, wanda ya daɗe yana kawo kaya ƙofar Makka amma bai taɓa ganin cikinta ba.

Wata safiya, azumi ya ƙarato, ya tarar da Debu cikin sabuwar riga ruwan ɗorawa, baki har kunne.

"Ya sadiƙ, abokina, yau ango ne kai, ko mangwaro?" in ji Badamasi.

Debu ya yi dariya, ya miƙo masa waya. Da gurgun Larabcinsa ya ce yau a garinsu ake bikin Saraswati, abar bautarsu ta ilimi. Yara kan sa tufafi masu wannan launi, su jera littattafai da alƙaluma a gaban gunkinta. A cikin wayar ga 'yarsa, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, a cinyar kakanta. Tsohon ya riƙe mata hannu tana jan harafinta na farko da alli a baƙin allo, mata na rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

"A'uzubillahi," Badamasi ya mayar masa da wayar. "Gunki ne zai ba ta karatu?"

Debu bai ji haushi ba. "Kai da naka, ni da nawa, sadiƙ. Taka 'yar, aji nawa take?"

Badamasi ya ce rana na yi, a sauke kaya.

Gaskiyar magana, 'yarsa Tahani ba ta aji ko ɗaya. Shekarunta goma sha biyu, takardunta na zama a ƙasar ba su daidaita ba, don haka ba ta shiga makaranta ba. Amma a can saman unguwarsu akwai Hala Ramlatu, wata dattijuwa mai koya wa irin waɗannan yara karatu da rubutu a ɗakinta bayan la'asar, ba ta karɓar komai. Sau da yawa ta aiko a turo mata Tahani. Sai dai yarinyar ita ce hannun daman uwarta Mairama wajen share gidajen saukar baƙi, kuma aikin ba ya yankewa. In umara ta wuce, Hajji ya zo.

Da yamma Badamasi ya ba iyalinsa labarin Debu yana dariya. Mairama ba ta taya shi ba.

"Abu Tahani, mai gunki ya zaunar da tasa a gaban allo. Mu da aka fara ce wa 'Iƙra', tamu tana gaban bokiti."

"Abuya, allon irin na Hala Ramlatu ne?" Tahani ta tambaya. "Ƙawata Rim ta ce ta iya rubuta sunanta yanzu."

"Za ki je, habibti. Sai bayan azumi."

"Bara ka ce bayan Hajji," in ji Mairama.

"To halas, ya isa haka! Wa zai kama miki aikin gidajen nan?"



Ana gobe baƙi za su sauka a wani bene, Mairama tana hawa na sama tana shimfiɗa zannuwan gado, ta bar Tahani da banɗakin ƙasa. Dattin ya ƙi fita. Yarinyar ta ga robobi biyu na maganin wanki, ta ce a ranta in ɗaya bai iya ba, biyu za su iya. Ta haɗa su a bokiti, ta rufe ƙofa don kada wari ya shiga ɗakunan.

Shirun ne ya sauko da Mairama. Ta tarar da ita kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, numfashi na fita kamar ana jan zare.

A asibiti likita ya ce hayaƙin ya ƙona mata huhu. Za ta rayu, amma ba za ta koma kamar da ba. Ya ɗaga robar da suka zo da ita, ya nuna jan rubutun Larabci da ke jikinta.

"Ga shi nan ƙarara, kada a haɗa da wani magani. Ba ta gani ba ne?"

Badamasi ya sunkuyar da kai.

"Ta gani, likita," in ji Mairama.

Azumi ya wuce. Yanzu Tahani ba ta da aiki, lokaci sai wanda ta ga dama. Amma matakalar da ke hawa zuwa gidan Hala Ramlatu ta fi ƙarfin ƙirjinta. Sun gwada sau ɗaya, uban ya sauko da ita a kafaɗa.

Bayan Hajji, Debu ya dawo daga hutu. Bai san abin da ya faru ba. Da suka gama sauke kaya ya ciro wani ƙunshi daga bayan kujera.

"Tsarabar 'yarka, sadiƙ. Irin na tawa ne."

Ƙaramin baƙin allo ne da kwalin alli. Badamasi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. A hanya ya tsaya gefen titi ya daɗe yana kallon kwalin, don likita ya hana ta kusantar ƙura, ko da ta alli ce. Allon kaɗai ya kai gida.

Iyaye 'yan'uwana, ba a ce mu yi koyi da bautar kowa ba. Amma abin kunya ne wani ya fi mu girmama harafin farko na ɗansa. Aiki ba ya ƙarewa, ƙuruciya ce ke ƙarewa. Wanda ya ce karatun ɗansa sai gobe, ya sani tsautsayi ba ya jiran gobe.