Dabinon Mararraba

Ga ta nan, ga ta nan gare ku, masu karatu. Na ji kun ce ta zo mu ji. To, ku gyara zama.

Shekara goma sha tara Evaristo yana tuƙi a Amurka, bai taɓa riƙe lasisi ba. Ya baro ƙauyensu na kan dutse a Meksiko ba takarda ko ɗaya, ya yada zango a kwarin gonakin inabi. Kullum da sanyin safiya yakan ɗebi mutum bakwai a tsohuwar bas ɗinsa, ya kai su aiki ta hanyoyin bayan gari, inda 'yan sanda ba su cika bi ba.

A 'yan shekarun nan duniya ta yi masa laushi a ido. Layukan inabi sukan narke su zama koren kogi, fitilun motoci su buɗe kamar furanni. Shi kuwa daɗi yake ji, don a cikin wannan dishi-dishi ko'ina gida ne. Yakan ga kansa ya hau dutsen nan da bas ɗinsa, ya tsaya a ƙofar mahaifiyarsa, tana gasa wainar masara, hayaƙi yana tashi a hankali.

Allunan hanya kam tuni ya daina karanta su. Da ka yake tuƙi. In ya wuce jan rumbu, ya san kwana ce a gaba. In ya hango dogon dabino a mararraba, sai ya taka birki, don allon tsayawa a gindinsa yake.

Ana nan sai jiharsu ta yi doka: ko ba ka da takardar zama, in ka ci jarrabawa a ba ka lasisi. Matarsa Candelaria ta bi matan cocinsu suka je ofishin lasisi. Aka gwada idonta, aka ce sai da tabarau. Ta sayo, ta ci jarrabawa, ta dawo tana kallon komai kamar baƙuwa.

"Evaristo, ashe ganyen inabi ɗai-ɗai ne. Ashe kai ma ka yi furfura. Ka je su duba naka idon."

Amininsa Nicanor, mai kujerar gaba, ya tuntsire da dariya. "Matarmu, ƙyale shi. Jiya fa akwatin wasiƙa ya gayar. Har da cire hula: ina kwana, baiwar Allah."

"Akwatin ya fi ka ladabi," in ji Evaristo. Sai ya juya ga matarsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara sha tara ina ɓoye fuskar nan. Yanzu in kai ta da ƙafata su ɗauki hoto, in ba su suna, in ba su lambar gida? Tarko ne, Candelaria."

"To ni da na je, wa ya kama ni?"

"Ba su gama ɗana shi ba."

"Bar ni in riƙa tuƙawa mana."

"In zauna a baya kamar buhun wake?"

Kada ku yi saurin zagin sa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da idonsa ya ga an tafi da maƙwabta, ba su dawo ba. Amma bai tambayi kowa abin da dokar ta ce ba, ko lauyan da ke zuwa coci kyauta ran Lahadi. Maganar bakin gona ya riƙe.

Wata Asabar mai gonar da ke mararraba ya sare dabinon, don ya tsufa yana barazanar faɗuwa. Ba wanda ya ga abin faɗi a ciki. Itace ne kawai.

Ran Litinin suka fito. Rana tana tasowa, kwarin ya yi ruwan zinariya. Nicanor yana kurɓar kofi yana ba da labarin da kowa ya haddace. Evaristo ya wuce jan rumbu, ya sha kwana, ya miƙe yana jiran dabinonsa. A ransa ya kusa kai ƙofar mahaifiyarsa, har yana jin ƙanshin masara.

Candelaria ce, daga kujerar baya, ta ga jan allon tangaran ta cikin tabarau.

"Evaristo, tsaya."

Ya ce, "Ai ba mu kai ba."

Tankar madara ce ta taho, kuma hanyarta ce. Ta daki bas ɗin ta gefen kujerar gaba.

Nicanor ko shurawa bai yi ba. Ya bar 'ya'ya mata uku. Candelaria ta karye a ƙugu. A asibiti likita ya haska idon Evaristo, ya ce yanar ido ce a duka biyun, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Aka cire masa ita. Abin da ya fara gani sarai shi ne takalmin Nicanor a cikin leda.

Kotu ta ɗaure shi shekara uku, daga nan aka mayar da shi ƙasarsu. Ya hau dutsen nan kuwa, amma a bayan motar wani, kuma ƙofar a rufe ya same ta, don tsohuwa ta rasu yana tsare. Candelaria tana nan a kwarin, tana dogara sanda. Ita ke tuƙa ma'aikata yanzu, kuma babbar 'yar Nicanor ce ke zama a kujerar gaba.

'Ya'yana, hanya ba ta tambayar takardar zama, amma tana tambayar ido. Lasisi ba kati ba ne kawai, gwaji ne da ke tsare ran wanda ya shiga motarka. Inda doka ta buɗe ƙofa, a tambayi masu sani a shiga, kada tsoro ya riƙe sitiyari.