Jifa na Uku a Filin Azuba

A filin makarantarmu na Azuba, Malam Audu, malamin wasanni, yana juya ƙwallon besbol mai jan ɗinki, ni kuma ina riƙe da sanda. Wanda ya kuskure dukan ƙwallon sau uku, sai gindin mangwaro cikin 'yan kallo. Na riga na kuskure biyu.

Ya ce, "Gwanayen jifa na da, ba da ƙarfi suke fitar da mutane ba, ido suke dubawa. Ke kuwa runtsewa kike yi."

Ya jefo. Wannan karon ban runtse ba; na kai duka, na sami iska.

"Kin fita, amma kin ga ƙwallon. Gobe da ke za mu fara."

Har yau, in abin tsoro ya nufo ni, ba na rufe ido.