Mai Jirgi da Haƙorin Bel Guda Ɗaya

Ka ce gobe za ka asibiti, amma ba ka son likita ya ji labarin jiƙon da ka yi mako guda kana ɗirka. To gyara zama, in ba ka misalin wani mai jirgi a bakin kogi.

Mutumin nan shekara ashirin yana fiton mutane da kaya tsakanin tsibirinsu da kasuwar da ke ƙetare. Allah ya yi masa baiwar hannu. Tsohon injin jirginsa ko tari ya yi, daga jin sautin ya san inda ke masa ciwo, ya kwance shi a kan tabarma ya mayar kafin fasinja su ƙosa. Saboda haka in aka ambaci bakaniken da ke shagon dilan inji a birni, sai ya taɓe baki ya ce mai hannu biyu lafiyayyu ba ya kai injinsa gidan wani. Da tsohon ya mutu murus, sai ya sayi sabo, irin mara hayaƙin nan. Shi kuwa sabon a cikin kansa akwai wani bel mai haƙora da ke sa sama da ƙasan inji su yi motsi a kan ƙa'ida, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Dila ya ce in bel ɗin ya tsufa a kawo su canza. Mai jirgi ya ce to, irin to ɗin da ba ta wuce leɓe ba.

Bel bai tashi tsattsagewa ba sai lokacin cire albasa, ga ruwa ya fara tasowa. Mutanen tsibiri sun tsiba albasarsu a kan rairayi suna jiran jirginsa, don shi ne babba. Tasa, noman shekararsa kaf, ita ce kusa da ruwa, domin ya bar wa maƙwabta tudu a kan cewa mai jirgi ba ya rasa fito. Ya kafa kara a gaɓa don auna tasowar ruwa, kullum ruwa sai ya ci taƙi guda. Ya duba nisan birni, ya duba ladan bakanike, ya kuma tuna bakin mutane, sai ya aika aka sayo masa bel, ya ja sifana. Ni dai har nan ban ga laifinsa ba, kowa ya san zafin nema zai yi haka. A jikin ƙafafun da bel ke hawa ya ga wasu 'yan zane-zane, ya ɗauka karce ne kawai, alhali alamomi ne da sai an daidaita su. Ya ɗora bel, haƙori ɗaya ya goce. Inji ya tashi, amma yana kakari, ko jirgin da ba kaya da ƙyar yake turawa.

Nan kunya ta kama shi, kuma nan ya yi ɓarnar. Kafin ya ɗora injin a mota zuwa wurin bakaniken birni sai ya ɗebi taɓon kogi ya shafe notinan murfin, don kada a ga sawun sifana. Bakaniken, wanda a haife mai jirgi ya haife shi, ya tarbe shi da ladabi ya ce, "Baba, ko wani ya taɓa buɗe kansa?" Mai jirgi ya kawar da ido ya ce, "Haka kawai na wayi gari da shi." Bawan Allah ya ɗauki maganar dattijo, ya bi inda ciwo ya saba ɓuya. Ya canza fulogi, ya wanke hanyar mai, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, har ya aika wani gari a kawo masa wani ƙarfe da yake zargi. Kwana uku mai jirgi na zaune a benci yana kallon ana neman abin da ke cikin bakinsa, zuciyarsa kuwa tana can wurin karan da ya kafa. Sau nawa ya buɗe baki, sai ya tuna cika bakin da ya sha yi, ya haɗiye. Wallahi abin tausayi ne.

A rana ta huɗu da hantsi ya kasa daurewa, ya ce, "Ɗana, ni na canza bel ɗin." Bakanike bai yi dariya ba, bai ma ɗago kai ba. Ya cire murfi, ya daidaita alamomin, ya mayar da haƙorin nan guda mazauninsa. Kafin shayin da aka zuba wa mai jirgi ya huce, inji na ruri lafiya lau. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, ɗaurin nan naka ya yi kyau. Da ka faɗa tun ranar farko, da a gida ka yi azahar."

Da ya isa tsibiri bai ga kara ba, ruwa ya shanye shi. Albasar maƙwabta na nan a tudu, ya kwashe musu tas. Da ya gama sai ya gangara inda tasa take, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, 'yan ragowar albasar suna yawo suna bugun ƙafarsa. Kuskuren hannunsa aikin rabin sa'a ne, shirun da ya yi shi ya cinye masa shekara.

Don haka gobe in likita ya tambaye ka, ka faɗa masa jiƙon nan har da sunan mai shi. Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.