Jar Mota Mai Ƙofa Biyu a Likoro

Zakiyyu na fita Makarfi ya taka totur, motar ta yi gurnani ta manna bayansa da kujera. Jiya ya karɓo ta daga Kaduna, ja mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi kwalta. Bai gama jin daɗinta ba har ya shiga Likoro.

A nan gabansa ya faɗi. Gaisuwa ya zo wurin Malam Abdurra'uf, mahaifin Hafiza da yake nema, dattijon da ya tsani almubazzaranci.

Bayan sun gaisa, Malam ya fito ya zagaya motar. Ya leƙa ciki, ya girgiza kai. Zakiyyu ya fara shirya kalaman ban haƙuri.

Malam ya ja shi gefe, ya rage murya don kada jama'a su ji.

"Kada ka ji kunya, ɗana, ni ma da keke na fara. Na ba ka Hafiza, tunda ba ka da ƙaryar arziki. In Allah ya buɗa maka, sai ka kai motar wurin mai walda ya saka mata sauran ƙofofin."