Hannu Biyu a Ƙirji

A sujadar jana'izar matarsa a Galway, da aka tashi karɓar gurasa mai tsarki da ake kira Jikin Almasihu, tsohon lauyan ya ga 'yarsa a layi gabansa.

Shekara da shekaru yana ragargazar dokar saki a shafinsa na intanet. Ya rubuta cewa duk Katolikan da ya kashe aure ya ɗaura wani, harshensa bai cancanci wannan gurasa ba. Dubbai suka yaba masa. Da auren 'yar ya mutu ta yi na biyu bai goge ko wasali ba, ita kuma ta ɗauke ƙafa daga gidansa.

Yau zuciyarsa roƙo take: karɓi, zan kau da kai.

Da ta isa gaban Fada, limamin cocin, sai ta harɗe hannuwa a ƙirji, alamar cewa albarka kawai take nema, ba gurasar ba. Ta juyo baki rufe.

Ya kamo rigarta. "Haba 'yata, ko yau?"

"Kwantar da hankalinka, Baba. Mama ce ta daina karanta rubutunka. Ni ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Fada ya ɗaga gurasar a gaban lauyan, yana jiran ya ce Amin ya karɓa.