Shamuwar Wuyan Tulu

Wani makahon tsoho yana murza yumɓu a bakin tafkin Madarunfa, sai ya ji an aje tulu gabansa.

"Baba, a kasuwar Jibiya na gane hannunka."

Kamar cikin mafarki ya shafa wuyan tulun. Ga shamuwa nan, fukafukai a buɗe, irin wadda kakanninsa ke ɗora wa tulun roƙon ruwa don ta jawo damina. Tun da ɗansa ya yi fushi ya ƙetare iyaka, kowane tulu sai ya ɗora masa ita, ko wani tulun zai iske yaron.

"Ka daɗe, ɗana," in ji tsohon. "Miƙo mani ruwa."

Ya jiƙa yatsunsa, ya lalubo ɗanyar shamuwar da yake ginawa, ya naɗe mata fukafukai.